Digirin Zane a Cikin Waya: Tafiyata Ƙonni, Malbaza da Illela

Wanda ya tashi daga Sakkwato da hantsi, in mota ba ta yi gardama ba, a Birnin Ƙonni zai yi azahar. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. A wuce Kware, a wuce Gwadabawa, a sauka Illela ta bakin iyaka, a nuna takardu, sai ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da mutum cikin gari. Tun da aka sake buɗe iyakar a watan Maris na 2024, bayan rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, hanyar ta dawo da hayaniyarta.

Maganar gida ce ta kai ni. Ƙanwata da ke aure a Ƙonni ta aiko mini da saƙon murya cewa ɗanta na fari ya tasa ta gaba, sai ta sayar da bisashenta ta biya masa kuɗin wata jami'a da ke cikin waya, wai zai yi digirin zane. Ta ce ita dai ba ta san jami'ar da ba ta da ƙofa ba. Da yake na daɗe ina hulɗa da masu ɗab'i, sai aka ce ni zan zo in raba gardama.

Na iske yaron a wani ɗan shago kusa da tasha, wanda suka raba biyu da mai cajin waya. Ya ci bak, jarrabawar ƙarshen sakandare ta Nijar, amma hali bai bari ya wuce gaba ba, sai ya kama wannan sana'a. Jarinsa waya ce mai tsagaggen gilashi da wata kwamfuta 'yar Kwatano da batirinta ya mutu, ba ta tashi sai an jona ta. A wayar akwai PixelLab da Canva, a kwamfutar akwai CorelDRAW da Photoshop. Ina nan zaune wata dattijuwa ta zo karɓar katin ɗaurin auren jikarta, wani mai gyaran babur ya zo a yi masa allon shago, wasu samari suka zo da hoton shugaban fadarsu a haɗa masu sitika. Ƙananan ayyuka nan cikin gari ake buga su. Babban aiki kuwa sai ya tura ta WhatsApp zuwa Sakkwato ko Maraɗi, a buga, direba ya kawo.

Na ce, "Wa ya koya maka?"

Ya ce, "Ba kowa, Kawu. YouTube na."

Na karɓi katin dattijuwar na duba. Yaron yana da ido, wannan kam ba a musu. Sai dai a kati ɗaya mai faɗin tafin hannu na ƙirga salon rubutu biyar. Sunan ango da na amarya sun nutse cikin furanni. Ranar ɗaurin auren, wadda dominta aka yi katin, tana can ƙasa da siririn rubutu ruwan zinare a kan fari, sai mai ƙarfin ido zai gan ta. Ya kuma warware mini wata babbar fosta da ta dawo daga wurin bugu, shuɗinta ya dushe, yana ta ɗora wa mai injin laifi. Na ce ba laifinsa ba ne. Fuskar waya da haske take haɗa launi, ja da kore da shuɗi, shi ne RGB. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake aiki, CMYK, kuma akwai launuka masu ƙyalli da waya ke nunawa waɗanda tawada ba ta iya fitarwa. In ba ka juya aikin ka duba tun kafin ka tura ba, abin da ka gani daban, abin da zai dawo daban. Ya yi shiru, can ya ce ya sha jin waɗannan haruffa a bidiyo, amma bai taɓa kawowa su ne suka ɓata masa fosta ba.

Allon mai babur ya fi ba ni haushi. An rubuta Dan a inda ake nufin Ɗan, domin salon rubutun da ya zaɓa ba shi da haruffa masu lanƙwasa, in ya buga ɗ ko ƙ ko ɓ sai wani ɗan akwati ya fito. To ga shi dokar ƙasa da aka sa wa hannu ranar 26 ga Maris, 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki. Ko kaɗan aka aiwatar daga cikin wannan, alluna da takardun Hausa za su ƙaru, kuma irin yaran nan ne za su tsara su. Akwai salon rubutu na kyauta masu ɗauke da haruffanmu duka, irin su Noto na Google da Charis da Andika. Akwai kuma abin da sai ɗan bakin iyaka yake cin karo da shi: a Nijar ana rubuta ƴ, a Najeriya ana rubuta 'y, kuma shi yana da masu kawo aiki daga ɓangarorin biyu. Babu malamin bidiyo a Faransa ko Indiya da zai tsaya ya gaya masa wannan.

Bayan isha'i muka zauna tsakar gida da mahaifiyarsa, ya buɗe mana makarantar tasa. A Facebook ya ga tallar. Hoton wata baturiya ce da hular kammala karatu, da alkawarin lisans cikin 'yan watanni, da rangwame ga wanda ya biya kafin ƙarshen mako. Na nemi adireshi, lambar WhatsApp kawai na gani. Na nemi sunan malami ko ɗaya, babu. Kuɗin da Yuro ake biya, kuma sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 kan kowane ɗaya, wato Yuro 100 ya kama kusan jaka 66. Uwar ta fara lissafi da yatsu, tana mayar da kuɗin tumaki.

Na ba su labarin Umar Audu, ɗan jaridar Daily Nigerian da ya ɓad da kama ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya zauna aji ba. Labarin ya fito a ƙarshen Disamba 2023, a farkon Janairu 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu da gaskiya. A ƙasashen da ke bin tsarin Faransanci akwai hukumar CAMES, da aka kafa a 1968, mai hedikwata a Wagadugu, wadda ke duba darajar takardun manyan makarantu. Lisans a tsarin da Nijar ke bi shekara uku ne bayan bak. Duk wanda ya ce zai ba ka shi kafin damina ta faɗi, takarda zai sayar maka.

Yaron ya ce, "To Kawu, ke nan karatun intanet duk ƙarya na?"

Na ce a'a, akwai na gaske, kuma ba su da nisa da mu. Senegal ta kafa jami'arta ta intanet a 2013, wadda yanzu ake kira da sunan marubuci Cheikh Hamidou Kane, kuma cikin fannoninta akwai zanen kwamfuta. Kodebuwa ta kafa tata a 2015, ita ma tana da sashen hoto da bidiyo da zane. Amma ka lura, Senegal sai da ta gina cibiyoyi a garuruwa, da wuta da kwamfutoci da intanet, inda ɗalibai ke zuwa su yi aiki su rubuta jarrabawa. A Najeriya ma jami'ar NOUN da aka farfaɗo da ita a 2002 tana da cibiyoyin karatu a jihohi, har da Sakkwato. Sai kuma takardun shaidar ƙwarewa, irin wadda Google ya fito da ita a Coursera a 2021 kan tsara fuskar manhaja, mai kwas bakwai a lokacin. Wannan karatu ne mai kyau, amma ba digiri ba ne, su ma ba su ce digiri ba ne. Wanda kuma yake son zama a aji gaban malami, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana koyar da zanen ɗab'i da na yadi da ginin tukwane.

Ba mu yanke magana a daren ba. Ya ce gobe yana da aiki wajen Galmi, in ina so in raka shi.

Muka fita da sassafe ta babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi. Gefen gari ga filayen noman rani da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango. Muka wuce Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta balle ta yi arewa, ba a jima ba sai ga dogayen gine-ginen kamfanin siminti na Malbaza, wanda ke nan tun shekarun 1960, ya girmi zaman garin a matsayin gunduma mai cin gashin kanta, domin sai a 2011 aka yanke ta daga Ƙonni. A nan Malbaza ne kuma aka ƙaddamar da tashar wutar hasken rana mai megawat 7 a watan Nuwamba 2018. Maganar wuta ba ƙarama ba ce ga mai karatu da waya. A watan Agusta 2023, lokacin takunkumi, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, alhali daga can ƙasar ke samun kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da take sha. Yaran da na zanta da su a wata fada a Malbaza duk suna tuna watannin nan, domin wanda ke tsakiyar koyon wani abu a lokacin, a nan ya tsaya.

Fadar tasu a ƙofar wani shago take mai faifan sola a kan rufi. Ana dafa shayi, wayoyi shida na jone a wayar wuta ɗaya. Dabararsu ita ce a sauke bidiyon darasi tsakar dare lokacin da rezo ya saki, a rarraba wa juna, kowa ya kalla da rana ba tare da ya ci data ba. Sun ce tun da Starlink ya shigo ƙasar a 2025 wasu masu hali sun fara kafawa suna sayar da awa. Abin da ya fi ci masu tuwo a ƙwarya shi ne biyan kuɗi. Su Nita da Amana suka sani wajen aike, shafukan karatu na waje kuwa katin banki suke tambaya, sai mutum ya nemi wani ɗan uwa da ya tafi bida Abijan ya biya masa. Ɗaya daga cikinsu ya nuna mini ayyukan ƙanwarsa, takardun da ake manna wa kwalaben turaren wuta da humra, a cikin gida take yin su da wayarsa. Sun fi na mazan tsabta nesa ba kusa ba, launi biyu, rubutu ɗaya, suna ya fito raɗau. Ita ce irin wadda karatun nesa zai fi yi wa rana, domin da wuya a bar ta ta tafi Yamai ko Zariya.

Galmi kuwa hanci ne ke fara sanar da mutum ya iso. Lokacin cirar albasa ne, ga rudu-rudu na ajiya a bakin gonaki, ga manyan motoci ana lodi za su Gana da Kodebuwa da Benin. Wanda ya kira ɗan namu wani Alhaji ne mai fataucin albasa, yana son tambari da takardar da za a ɗinka a bakin ƙananan buhunan raga. Kafin su fara ciniki na tsaya kallon manyan buhunan da ake lodawa, kowanne an cika shi ya yi tozo an ɗinka masa hula. Da yawansu tsofaffin buhunan koko ne, da sunan wata ƙasa da rubutun Turanci a jikinsu. Albasar da hukumar OAPI ta Yawunde ta yi wa rijistar asali, ita da kilishin Nijar, domin kada wani ya ci da sunanta, ga ta tana fita ƙasashen waje cikin rigar aro. Duk mai tambayar ko zane sana'a ce a wannan yanki, ya zo nan ya tsaya.

Alhajin bai tambayi yaron takarda ba. Ya ce, "Ɗana, gwada min abin da kay yi ma wasu." Ya karɓi wayar yana turawa da babban yatsa, ya tsaya kan wani tambari, ya ce wannan ya yi cunkoso, direban da ke Kumasi ba zai tsaya karanta duk wannan ba, a sa albasa ɗaya da suna da lambar waya. Na yi dariya a raina, domin abin da malamin zane zai faɗa ke nan, sai dai shi zai ƙara da Turanci.

Illela ni na matsa a je. Ba Illelar da na tsallako ba, ta Nijar, mazaunin Sarkin Adar, wadda ake bi ta Tsarnawa a yi arewa zuwa Badagishiri sannan a karkata yamma. Ƙasa ta canza, jan dutse da tuddai da kwaruruka. Akwai gine-gine biyu a wannan gunduma da na daɗe ina son gani, kuma ina son yaron ya gani.

Na farko masallacin Juma'a na ƙauyen Yama. A 1962 mutanen garin suka ɗora wa wani magini ɗan garinsu, Falke Barmu, aikin gina shi da ƙasa. Gayya aka yi, wasu na buga tubali, wasu na ɗebo ruwa, wasu na kawo itace. Daga 1975 ya sake rufin da bakan gizo, ya ɗora ƙubba a tsakiya, sannan ya tayar da hasumiya huɗu a kusurwoyi, aikin da ya kai 1982. A 1986 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan, wadda tana cikin manyan lambobin tsara gine-gine a duniya. Mun zagaya shi da la'asar. Hasumiyoyin nan huɗu babu wadda ta yi kama da 'yar uwarta, kowace da yadda ta tsuke tana hawa da irin adon da aka yi mata, amma in ka ja baya ka dube su tare ba ka ce ga wadda ta fita daban. Na ce wa yaron ya tuna katin dattijuwar nan mai rubutu biyar. Ya ce ai nan ma huɗu ne daban-daban. Na ce to me ya sa nan bai yi hayaniya ba? Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce don duk ƙasa ɗaya ce, launi ɗaya. Ban ƙara masa komai ba.

Na biyu yana Dandaji. Tsohon masallacin garin shi ma aikin Falke Barmu ne, ya tsufa har ana maganar rushe shi. Mariam Issoufou Kamara, 'yar Nijar, da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili, 'yar Iran, suka ba da shawarar a gyara shi a mayar da shi ɗakin karatu, a gina sabon masallaci a gefensa. An gama a 2018, ana kiran wurin Hikma. An nemo magina daga cikin waɗanda suka yi aikin farko suka shiga gyaran, sabon ginin kuma da matsattsen tubalin jar ƙasar wurin aka yi shi, ga kuwa kamfanin siminti kusa. Cikin ɗakin karatun akwai sanyi ba tare da fanka ba, an saka kantocin littattafai tsakanin ginshiƙai ba a taɓa siffar tsohon ginin ba. Ita Mariam ilimin kwamfuta ta fara karantawa a Amurka, ta yi shekaru tana aikin manhaja, sannan ta koma aji a Jami'ar Washington ta karanci tsara gine-gine, ta buɗe ofishinta a Yamai a 2014. Daga baya ta zama farfesa a babbar makarantar fasaha ta Zurich a Suwizalan.

Na san abin da mai saurin yanke hukunci zai ce: ga magini ba difilom ya ci lambar duniya, to me za a yi da digiri? Ban yarda da wannan ba. Ba don karatun Mariam da takardunta ba, da wuya a saurare ta a fasa rushe ginin Falke, kuma wanda ke son aikin gwamnati ko na manyan ƙungiyoyi dole a tambaye shi takarda. Abin da na gani ya haɗa su biyun shi ne kowannensu ya yi aiki a gaban idon da zai ce masa nan ya karkace, rushe ka sake. Magini a gaban magina da dattawan gari, ɗalibar jami'a a gaban malaman da ke kafe zanenta a bango su yi masa filla-filla. Ko almajiri ba a barinsa ya wanke allo sai ya biya wa malam an gyara masa. Yaran Ƙonni da Malbaza darasi ya yi masu yawa, kyauta ma suke samunsa. Mai gyara ne ba su da shi. Saboda haka ma'aunin da na ba ɗan ƙanwata a kan kowace makarantar intanet, bayan an tabbatar hukuma ta san da ita, shi ne ya tambaya: wane ne zai duba aikina, mene ne sunansa, sau nawa, kuma zai iya kayar da ni? Makarantar da ba ta kayar da kowa ba ta koyar da kowa.

A mota muna komowa ya aika wa masu tallar nan wannan tambaya. Amsar da ta zo ita ce rangwamen zai ƙare ranar Lahadi. Ya nuna mini, ya goge lambar da kansa. Muka shirya zai je Tawa, Jami'ar Djibo Hamani, ya tambayi yadda ake tantance takardar makarantar waje kafin ya sake sa ran wata, ya kuma ci gaba da kwasa-kwasan kyauta, duk aikin da ya gama ya turo mini in kai wa wani tsohon mai tsara shafi da na sani a Sakkwato ya zana masa jan biro.

Wannan dabara ta yaro ɗaya ce mai kawu. Sauran fa? Ku masu injinan ɗab'i na Sakkwato da Maraɗi da Kano, ayyukan yaran nan ta hannunku suke bi kullum. In fayil ya zo daga Ƙonni ko Malbaza ko Illela kun ga hoto ya miƙe, launi ba na bugu ba ne, ko an rubuta Dan a wurin Ɗan, don Allah kada ku buga ku karɓi kuɗi ku yi shiru. Ku aika masa da saƙon murya na minti ɗaya ku gaya masa abin da zai gyara.